Otal Mai Matakala da Otal Mai Tsakar Gida

Woodbridge, Virginia

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin sauka Charleston lafiya, kin huce gajiyar hanya, kuma sabon wurin aikin ya karɓe ki hannu bibbiyu. Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya raba ki da sharrin hanya da na ruwa da na mutum, Ya sa garin ya zame miki alheri. Mu nan lafiya lau. Babanku yana gaishe ki. Ƙaninki Sadiƙu ma yana gaisuwa, ko da yake motarki ba ta gama fita layinmu ba ya kwashe komatsansa ya tare a ɗakinki.

Na san za ki ce me ya hana Mama ta kira a waya. A waya kina amsa mini da Turanci, da gudu, kafin in kai ƙarshen magana kin riga kin ce kin gane. Hausa kuwa in tana rubuce dole ki zauna ki bi ta sannu a hankali, yadda na koya miki ranakun Asabar a teburin kicin kina kumbure-kumbure. Ban da haka, ke ce ta fari. Yadda aka tarbiyyantar da ni, uwa ba ta zaunar da 'yarta ta fari ta zuba mata ido ta yi doguwar magana. Na yi shekaru a ƙasar nan, na koyi tuƙi a kan ƙanƙara, na koyi jayayya da kamfanin inshora, amma wannan kunyar ta ƙi barina. A takarda dai bakina a buɗe yake, don haka ki gyara zama.

Maganar otal ɗin nan biyu ce, waɗanda ku da Nasiru kuke ta jujjuyawa don dinar aurenku. Na kalli hotunan da kika turo har idona ya gaji. Kuɗinsu kusan ɗaya ne, saboda haka ba zancen kuɗi zan yi miki ba. Dukansu tsofaffin gine-gine ne da suka girmi kakan kakanki, dukansu an kashe musu dukiya. Na bakin ruwan nan, mai fararen ginshiƙai da fitilu masu reto kamar 'yan kunnen amarya, ya fi kyau nesa ba kusa ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ga matakalarsa ta farin dutse da ta lanƙwasa ta hau zuwa ɗakin taron a sama, na kuma ji tsarin matar nan da ke shirya muku bikin: baƙi su tsaya a ƙasa, ke da Babanku ku hau hannu cikin hannu ana ɗaukar hoto. Ɗayan kuwa, na cikin tsohon gari, ginin jan bulo ne mara hayaniya. Ba a hango teku daga cikinsa sai dai a ji iskarsa. Ɗakin taronsa a ƙasa yake, ƙofofinsa suna buɗewa cikin tsakar gida mai tsohuwar bishiya, kuma daga titi har ciki ba inda mutum zai ɗaga ƙafa. Na san zuciyarki tana kan na farkon. Ni ma da ina da shekarunki can zan dosa.

Bari in tuna miki da abin da kika sani rabi-rabi. Kina 'yar firamare aka tura Babanku taron aiki a wani garin bakin teku can gaba da New York, aka sauke su a wani tsohon otal na katako, irin wanda ake jera hotunan baƙin da suka daɗe da mutuwa a bango. Ya tafi da mu don mu sha iska. Ina buɗe ɗakin, warin tsohon kafet da danshin teku suka daki hancina. Ni kuwa 'yar Zariya, ba na kwana a ɗakin da ba ni na sa masa ƙamshi ba. Bayan la'asar na zaro ɗan kaskona daga ƙasan akwati, na kunna gawayi, na barbaɗa turaren wuta na Maiduguri mai kyan gaske. Ban gama naɗe sallaya ba ƙararrawar gobara ta ɗauki ihu. Aka fito da kowa titi. Ga wani tsoho da tawul a ƙugu da kumfar sabulu a kunne, ga shugabannin Babanku sun fito daga taro da takardu a hannu, ga motocin kwana-kwana sun cika layi. Can sai wani ƙato ya fito riƙe da kaskon nan nesa da jikinsa kamar ya ɗauko bam, yana tambayar na wane ne. Na ɗaga hannu na ce, "Nawa ne, kuma don Allah a riƙe shi da kyau, na kakata ne."

Shi Babanku sai da muka kamo hanyar gida ya ce, "Turaren dai ba laifi, har manajan ya yaba." Labarin kuwa ya riga mu isowa. Har yau a gidan suna ko na biki, daga Takoma Park zuwa nan, in an ce Hajiya Kwana-kwana kowa ya san da wa ake, kuma ina amsawa da ƙarfi.

Abin da na ɗauka daga wannan shi ne tsohon gida yana da dokokinsa, kuma ko ke kika biya, baƙuwa ce ke a cikinsa. Kafin ki tambayi abin da zai ba ki, ki tambayi abin da zai hana ki. Don haka ban tsaya jiran kowa ba, na kira otal ɗin biyu da kaina. Na bakin ruwa wata yarinya mai zaƙin murya ta ce mini ba a kunna wuta ko ta ashana, kyandir ɗinsu ma na batir ne, kuma ba a shigo da abincin waje ko da ƙwayar gyaɗa. Na ce to masa fa, da miyar taushe, da dambun naman da matan Takoma Park suka yi mini alkawari? Ta ce mai dafa abincinsu zai iya gwadawa in na turo masa yadda ake yi. Na yi mata godiya. Na cikin gari kuwa wani dattijo ne ya ɗauka, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abincin waje ba matsala in mai kawowa yana da takardar izini, turare kuma a tsakar gida in kunna son raina, iyaka kada in shiga da shi ɗaki. Na ce masa wannan darasin na riga na haddace shi.

Ki riƙe zancen turaren nan, za mu dawo kansa. Amma ba shi ne ya zaunar da ni rubutu ba.

Kin tuna ɗan gidanmu na haya a Takoma Park? Ɗaki biyu ne, kicin ɗinsa in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya fita. Amma masallaci kusa, mutanenmu kusa, Babanku kuma jirgin ƙasa ɗaya yake hawa ya sauka kusa da ofishinsu a unguwar Southwest. Da Allah Ya hore mana sayen gida, biyu muka tsaya a kai. Ɗaya a can Maryland, shimfiɗaɗɗe mara bene, kusa da tashar jirgi. Ɗayan shi ne wannan da kika girma a ciki. Ina shigowa na ga matakalar nan ta katako mai sheƙi ta miƙe daga bakin ƙofa, nan take na hango kaina a tsaye a kanta ranar Sallah da leshi da gwaggwaro, ana ɗaukar hoton da za a aika Zariya. Na lura Babanku ya daɗe a wancan gidan, yana buɗe famfo, yana leƙa tagogi, yana auna tafiyar tasha da ƙafarsa. A wannan kuwa hannunsa na cikin aljihu har muka fito. Duk da haka na dube shi kai tsaye na ce, "Wannan nake so, ya ka gani?" Ya ce, "In ya kwanta miki a rai, shi ke nan." Na ɗauka an gama magana.

Hoton kuwa an ɗauka, an aika, an yaba. Shi kuma ya shiga bin babbar hanyar nan ta 95 kullum, ya fita duhu ya dawo duhu, da hunturu ma a wurin ajiye motoci na ofis yake sallar asuba. Shekara da shekaru bai taɓa cewa ya gaji ba. Kada ki ɗauka ina zaune ina cizon yatsa. Gidan nan ya yi mana rana, a cikinsa kuka yi wayo, kuma ina son abina. Amma kin ga yadda muke tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ɗakin cin abinci ya koma ɗakin kwanansa, matakalar da na zaɓa don hoto ita ce ta raba shi da gadonsa da littattafansa.

A nan na koyi yadda ake tambayar mutum irin Babanku. Ba a kawo masa abu bayan an riga an nuna masa ana so, sannan a ce ya faɗi ra'ayinsa. In cewa a'a zai hana wani nasa jin daɗi, ba zai ce ba, ko da wuƙa a wuyansa. Haka aka rene shi a Haɗeja, kara ce, kuma a wurinsu ita ce mutunci. Sai dai ki kalli inda ya daɗe a tsaye da inda ya wuce da sauri, ko ki aika wanda yake iya buɗe wa ciki. Ki adana wannan don gidanki ma. Nasiru a Katsina ya girma, duk Turancin da kike ji a bakinsa. Ranar da ya ce miki ba komai, ki ɗan ƙara kallonsa kafin ki juya.

To ga shi kin maimaita abin da na yi, har da irin tsayuwata. Ana gobe za ki tafi, kin kawo masa hoton matakalar a waya, fuskarki kamar an kunna fitila, kika ce, "Baba, is it okay? Za mu yi practice, it's not that long." Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah Ya sa albarka." Kika juyo kika ce mini, "Kin ji ko, Mama, Baba ya yarda." Ummi, mutumin da ko sunanki na yanka ba ya iya faɗa saboda sunan mahaifiyarsa ne, shi ne zai dubi idonki ya ce ba zai iya ba? Da a gida ne, ranar bikin 'yarsa ta fari ba za a ma gan shi a unguwar ba, ƙannensa zai bar wa komai. Riƙe hannun amarya a gaban jama'a ba al'adarmu ba ce. Ya karɓe ta ne don ke kika roƙa, kuma don ƙannen nasa suna can, nan ba shi da wanda zai tura.

Kin ce ai akwai lif, na'urar nan mai hawa da mutane bene, in abin ya gagara. Na tambayi yarinyar mai zaƙin murya. Lif ɗin gaba ba ya kaiwa ɗakin taron, tsohon gini ne, haka aka yi shi. Wanda yake kaiwa yana baya, ta wajen kicin, shi ne wanda ake hawa da kwanuka da kwandunan tawul. Babanku yana zaune lokacin da nake wayar, bai ɗago daga jaridarsa ba. Bayan kwana biyu amininsa Alhaji Yusufu, mutumin Damagaram ɗin nan na Takoma Park da kuke kira Baffa, ya zo duba shi. Da na raka shi mota sai ya tsaya yana juya makulli a hannu, ya ce, "Hajiya, mutuminki ya gaya mini wata magana, ban sani ba ko in faɗa." Na ce ai ka riga ka fara. Ya ce, "Cewa ya yi shi bai taɓa shiga taron mutane ta ƙofar baya ba, kuma ba ranar auren 'yarsa zai fara ba, a gaban surukai."

Tun daga ranar, kullum da hantsi sai ya ce kunun gyaɗa yake so, wanda ya san sai na daɗe a kicin ina damawa. Ina ciki sai in riƙa jin ƙwas, ƙwas, ƙarar sandarsa a kan katako. Na yi kamar ban ji ba. Ran Talatar da ta wuce ƙarar ta tsaya da wani irin gum, na saki muciya na fito da gudu. Na same shi zaune a tsakiyar matakala, sanye da farar babbar rigar shaddar da aka ɗinko masa daga Kano don bikinki, har da hula. Kin san babbar riga hannu biyu take so, ana tafiya ana naɗe ta a kafaɗa. Shi kuwa hannun dama ne kawai yake yi masa aiki, kuma yana riƙe da makarin matakala. Ɓangaren hagu ya zame daga kafaɗarsa ya harɗe masa ƙafa, Allah Ya taimaka zama ya yi bai gangaro ba.

Na ce, "Malam, me kake yi a nan?"

Ya ce, "Ina duba katakon nan ne, kamar yana son fenti."

Na ce, "Da babbar riga?"

Ya ce, "Injiniya ba ya duba aiki da singileti."

Na zauna kusa da shi muka yi dariya har hularsa ta karkace. Na taimaka masa ya sauko, na koma kicin na tarar kunun ya kama, na tsaya a kansa na yi kuka mai isata. Tausayinsa ya kama ni, kuma wallahi alfahari da shi ya kama ni, duka a lokaci ɗaya.

Yanzu ki auna da kanki. Tamu matakalar katako ce, gajera, makarinta siriri ne da hannu yake iya damƙa. Waccan dutse ce mai santsi, ta fi tamu tsawo, tana lanƙwasa, makarinta kuma faffaɗa ne, na ado. Hannunsa mai lafiya ɗaya ne, ko ya riƙe ki ko ya riƙe makari. A ƙasa kuma ga iyayen Nasiru da suka taso tun daga Katsina, ga abokan aikinsa na da, ga wayoyi a sama kowa yana ɗauka. Na san mijina. In kika zaɓi otal ɗin nan zai hau matakalar, ko zai faɗi a kanta, amma lif ɗin kwanuka ba zai gan shi ba.

Ni ban iya kara irin tasa ba, don haka ga maganata a fili: ki ɗauki otal mai tsakar gida. A can za a kai shi da wuri, kafin kowa ya iso, a zaunar da shi ƙarƙashin bishiyar nan da rigarsa a baje yadda ta dace. Babba a wurinmu ba ya shigowa ana kallonsa, zaune ake tarar da shi. Surukai su zo su same shi, samari su durƙusa su gaishe shi, babu wanda zai san wace ƙafa ce take ja. Ke ma ki fito ki zo gabansa ki durƙusa, ya ɗora miki hannun nan mai lafiya a ka ya yi miki addu'a. In ya ga dama daga nan ya miƙe ku taka tare zuwa ɗakin taro, ƙasa a shimfiɗe take, ni kuma ina gefen hagu ina kula da rigar. Teku kuwa ba inda za shi. A garin za ki zauna, ku je ku yi ta hoto a bakinsa har ku gaji.

Saura yadda za ki gaya masa, kuma nan ne nake so ki nuna mini ke 'yar gidan nan ce. Kada ki kuskura ki ce don shi kika canza. In kika faɗi haka kin kayar da shi ƙasa fiye da yadda matakala za ta yi. Ki ce Mama ce ta tayar da rigima, ta rantse ba za a aurar da 'yarta babu turaren wuta da masa ba, otal na bakin ruwa kuma ya hana. Ba ƙarya kika yi ba, na rantse ɗin, ga shi a rubuce. Ki ɗora mini komai, sunana ya riga ya yi nisa a wannan fannin, ba abin da zai ƙaru. Zai gane, don ba yaro ba ne. Zai yi murmushi ya ce, "Uwarku da turare sai Allah." Daga nan ba zai ƙara cewa komai ba, ke ma kada ki ƙara. Ya yi miki kara, ki mayar masa da irinta.

Abu na ƙarshe. Ki kama otal ɗin gobe-goben nan kafin wasu su riga ku, amma labarin ki riƙe shi tukuna, kada ki gaya masa sai na kira ki. Na yi magana da matar da ke zuwa koya masa motsa jiki. Ta ce hawan yana yi masa amfani ƙwarai, in dai da mutum a bayansa kuma babu babbar riga. Rigar na kai ta wurin wanki da guga, kuma na manta da ita a can da gangan. Yanzu na daina dama kunu da hantsi, a bayansa nake tsayawa, wai ina taya shi duba fenti. Duk nacin da likitoci suka yi masa a baya bai taɓa yarda ya taka matakalar nan ba, sai da ya zama don ke. Jiya ya wuce inda matakalar ta karya kwana. Daga wurin ana hango ƙofar ɗakinmu, wanda rabonsa da shi tun ranar da motar asibiti ta ɗauke shi. Ya tsaya yana kallon ƙofar yana haki.

Na share ɗakin, na canza zanen gado, na kaɗe ƙurar littattafansa na mayar da su yadda ya bari. Ki bar shi ya ci gaba da hawa dominki har ya kai. Ranar da ya tura ƙofar nan da hannunsa zan ɗauko kaskon kakata in kunna turare a tsakiyar ɗakin, ƙararrawar gidan in ta ga dama ta yi ta ihu har maƙwabta su fito. In kin ji wayata ranar, to ki kira shi ki ba shi labarin otal.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare ki a inda idona ba ya kaiwa, Ya sa gidan da za ki shiga ya zama na kwanciyar hankali. Allah Ya kawo surukanki lafiya, Ya mayar da su lafiya, Ya kai mu ranar da rai da imani. Ki gaida Nasiru. Ki riƙa cin abinci, kuma in za ki amsa, ki amsa da Hausa ko da layi biyu ne.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajiya Kwana-kwana